Tabon mai a kan aya ta 25

Ina da wani ƙaramin Sabon Alkawari na Helenanci wanda bangonsa ya fara saɓulewa. In ka buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 10, za ka ga tabon mai daidai kan aya ta 25, girman kan babban yatsa. Yatsana ne, man kuma na nama ne. Shekara goma sha huɗu ke nan yana wurin. Ɗalibaina sukan tambaye ni me ya sa ban sayi sabo ba, nakan yi dariya in ce tsohon ya fi sanin hannuna. Yau dai zan faɗi ainihin dalilin, domin wanda abin ya shafa ya ba ni izini.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara tara, bayan rasuwar mahaifina. Kafin ya karɓi Almasihu ya yi kusan shekara talatin yana hidima a wani wurin tsafi. Shi ke riƙe wuƙa, shi ke faɗin kalmomin da ake faɗa a kan dabba kafin a kwantar da ita. Ba ya son maganar, mu ma ba ma tayar da ita. Ina da shekara goma sha biyu aka yi masa baftisma, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni coci. Tun daga ranar nama bai ƙara shiga bakinsa ba sai ya san inda ya fito, wa ya yanka, don me aka yanka. In aka ba shi amsar da ta kwanta masa, ya ci da daɗi. In ba a sani ba, sai ya sa cokali ya ture naman gefe, ya ci sauran abincinsa shiru. Bai taɓa hana kowa ci ba. Ni kaina na sha cin rabonsa ina yaro, har nakan yi addu'a a zuciyata kada a san inda naman ya fito.

Shi ya ɗauki nauyin karatuna har makarantar horar da masu hidimar coci. Kawu bai iya karatu sosai ba, yakan bi layi da yatsa yana motsa leɓe, saboda haka a wurinsa duk wanda ya iya karanta Littafi a harshen da aka fara rubuta shi, to ya isa inda ba a musu da shi. Ranar da na fara zana masa haruffan Helenanci a ƙasa, alfa, beta, gamma, ya daɗe yana kallon su, sannan ya hana yara taka wurin.

A shekarata ta biyu muka shiga Korantiyawa, sai na kamu da son sura 8 zuwa 10 kamar wanda aka yi wa asiri. Malaminmu ya shimfiɗa mana birnin har muna jin ƙamshinsa. Romawa sun rushe Koranti a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, ta zauna kusan kango har shekara ɗari, sannan Yuliyus Kaisar ya sa aka sake kafa ta a shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu. Birni ne na 'yan kasuwa da 'yantattun bayi da matuƙan jiragen ruwa, tashar jiragen ruwa a gabas, wata a yamma, haikalin gumaka kuwa ko'ina ka juya. Bulus ya zauna can shekara ɗaya da wata shida, a lokacin da Galiyo yake mulkin yankin, wajen shekara ta 51 zuwa 52 bayan haihuwar Almasihu, daga baya ya rubuta musu wasiƙar daga Afisa. A irin wannan birni, dabbar da aka yanka wa gunki ba a ƙone ta duka. Ana ƙona ɗan kaɗan a kan bagade, firistoci su ɗauki nasu, masu hadaya su ci nasu, abin da ya rage ya gangara kasuwa. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tirajan daga Bitiniya yana murna cewa naman hadaya ya fara samun masu saye, bayan an yi wani lokaci da ƙyar ake samun mai taya shi saboda yawan Kiristoci. Ka ga ke nan maganar nama ba ƙaramar magana ba ce a wurinsu. Mutum ya tsaya gaban mahauci, ba shi da hanyar sanin ko cinyar nan da safe a gaban wani gunki take.

To ga amsar Bulus a aya ta 25: duk abin da ake sayarwa a makellon ku ci, ba tare da kuna anakrino ba, saboda suneidesis. Kalmomi uku ne suka tsaya mini. Makellon ita ce kasuwar nama da kayan abinci, daidai da abin da Romawa ke kira makellum, har an tono gutsattsarin rubutun dutse a Koranti da ke ambaton ta. Suneidesis ita ce muke ce wa lamiri. Amma anakrino ce ta tafi da hankalina. Ba tambaya ce irin ta ina kwana ba, kalmar kotu ce, tuhuma ce. Ita Bilatus ya yi amfani da ita a Luka 23:14 da ya ce ya bincike Yesu bai same shi da laifi ba. Ita ce a Ayyukan Manzanni 12:19 inda Hirudus ya tuhumi masu gadin da Bitrus ya kuɓuce musu. Ina karanta wannan sai fuskar Kawu ta faɗo mini, da cokalinsa, da tambayarsa ta kullum. Na ce a raina, Allah sarki, shekara goma sha bakwai bawan Allahn nan yana ɗaure da igiyar da Bulus ya riga ya kwance. Na ƙudura zan je in 'yanta shi. Da zuciya ɗaya na ƙudura, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Sai dai a ƙarƙashin zuciya ɗayan akwai wata ƙarama da ke so a ga abin da kuɗin makaranta ya sayo.

Dama ta samu a hutun ƙarshen shekara. Muna zaune cin abincin dare, ni da Kawu da wasu samari biyu na coci da suka zo gaishe da “Malam”, sai maiɗakina ta shigo da kwanon soyayyen nama. Kawu ya ɗaga kai.

“'Yata, daga ina?”

“Kawu, maƙwabta ne suka aiko, ban kuwa tambaya ba. Bari in aika yaro.”

“A'a, bar shi, kada ki wahalar da kowa.” Ya ture kwanon zuwa gaban samarin.

Na riga na ɗauki tsoka ɗaya na kai baki. Ko hannu ban wanke ba na shiga ɗaki na ɗauko littafin, na buɗe, na danna yatsa a kan ayar. Na karanta da Helenanci tukuna, da ƙarfi, don samarin su ji. Sannan na fassara kalma bayan kalma. Na gaya masa esthiete, wato ku ci, siffar umarni ce, ba shawara ba. Na kawo masa aya ta 26, inda Bulus ya ɗauko Zabura 24, cewa duniya da dukan abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Na koma 8:4, gunki ba kome ba ne a duniya. Da na zo kan anakrino na ba da labarin Bilatus, sai na ce, “Kawu, ka ga kai kullum sai ka kafa kotu a kan kwano, ka zama alƙali, nama ya zama mai laifi.”

Samarin suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Maiɗakina ce kaɗai ba ta yi ba, tana tsaye bakin ƙofa tana yi mini wani kallo da na ƙi fahimta.

Kawu ya yi shiru har na fara jin nauyi. Can ya ce, “To, ɗana, kai ka yi karatu.” Ya miƙa hannu ya ɗauki yanka ɗaya. Na ga hannun yana rawa, na ce tsufa ne. Ya tauna ya haɗiye. Ya ɗauki na biyu, na uku, kamar mai shan magani. Samarin suka yi tafi, ɗaya har ya ce haleluya. Na kwanta a daren ina jin kamar na ci gari da yaƙi. Tsakar dare na ji motsi a bayan ɗaki, mutum yana kakarin amai, ya daɗe. Na juya na gyara kwanciya, na ce cikinsa ne bai saba da mai ba.

Na koma makaranta. Wata uku bayan nan maiɗakina ta kira ni. Ta ce Kawu ya daina cin Jibin Ubangiji, in an zo miƙa masa sai ya girgiza kai. Ya bar kujerarsa ta gaba ya koma can baya kusa da ƙofa. Yanzu kuma Lahadi biyu ke nan bai je ba sam, kuma da asuba ba a jin muryarsa, shi da addu'arsa ke tashin gidan. “Maigida,” ta ce, “ka zo. Abin nan daga daren nan ya fara, ka kuma sani.” Na yi mata faɗa a waya. Kwana biyu bayan haka na kama hanya.

Na same shi zaune a ɗakinsa da rana tsaka, taga a rufe. Ya rame. Na gaishe shi ya amsa, ya tambayi karatu, kamar ba kome. Sai da na matsa sannan ya buɗe baki, idonsa a ƙasa.

Ya ce abokan hidimarsa na dā ba su taɓa daina gayyatarsa ba. Duk shekara sukan aiko, duk shekara yakan ce a gaishe su. Bana da suka aiko, sai ya zauna yana tunani. Ɗana mai karatu ya ce gunki ba kome ba ne. Ya ce umarni ne a ci. Na ci a gida ban mutu ba. To me zai hana in je in zauna da mutanen da muka tashi tare, in ci, su ga ba na tsoron kome? Ya je. Aka yi murna da shi, aka ba shi wurin zamansa na dā. “Da aka kawo dabbar,” ya ce, “wanda ke riƙe da wuƙar yaro ne, ya fara faɗin kalmomin, sai ya tsallake ɗaya. Ɗana, ban san lokacin da bakina ya gyara masa ba.”

Ya yi shiru. Sannan ya ce, “Kai da ka ce gunki ba kome ba ne, gaskiya ka faɗa. Amma kai ba ka taɓa durƙusa masa ba. Ni in na sa naman nan a baki, ba nama nake ji ba.”

Ban sami abin cewa ba. Duk Helenancin da ke kaina ya tsere. Na kwana biyu na koma makaranta, na wuce kai tsaye gidan malaminmu, na zayyana masa kome, ina sa rai zai ce mini Kawu ne mai rauni, a yi masa addu'a. Dattijon ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya ce, “Kawo littafin naka.” Ya buɗe, ya ga tabon, ya dube ni ta saman tabarau, bai ce kome a kai ba. Ya ba ni aiki: in je in nemo duk inda suneidesis ta fito a sura 8 zuwa 10, kowane wuri in rubuta amsar tambaya ɗaya tak. Lamirin wa?

Kalmar ta fito wajen sau 30 a Sabon Alkawari gaba ɗaya, 8 daga ciki a waɗannan surori uku. Na zauna da takarda. A 8:7, lamirinsu, na masu rauni. A 8:10, lamirinsa, na mai rauni. A 8:12, lamirinsu kuma. A 10:25 da 27 Bulus bai ce na wane ba, ya bar ta haka. A aya ta 28 ya sake ambaton ta, sai kuma a 29, kamar ya san akwai irina da za su karkatar da maganar, ya tsaya ya fayyace: lamiri nake cewa, ba naka ba, na ɗayan. Na duba shafin. Daga tabon yatsana zuwa wannan layi bai kai faɗin yatsu uku ba. Da na ɗan zame da hannuna ƙasa a daren nan, da na gani.

Kalmar kanta gaɓa biyu ce: sun, wato tare, da tushen oida, na sani. Sani tare. Na daɗe ina ɗauka wata murya ce daga sama da ke gaya wa kowa abu iri ɗaya, saboda haka in lamirina ya yarda, na Kawu ma ya kamata ya yarda, in bai yarda ba gyara yake bukata. Amma a bakin Helenawa asalin maganar ita ce mutum ya san wani abu tare da kansa, ya zama shaida a kan kansa. Bulus ya yi amfani da aikatau ɗin a 4:4, inda ya ce bai san wani abu game da kansa ba, ko da yake wannan ba shi ya kuɓutar da shi ba, mai bincikensa Ubangiji ne. Mai binciken nan kuwa anakrino ce, kalmar da na yi wa Kawu ba'a da ita. Shaida abin da ya gani yake faɗa. Nawa shaidan bai taɓa tsayawa a gaban bagade ba, na Kawu ya yi shekara talatin a can. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Har kalmarmu ta lamiri ma, da muka aro daga Larabci, tushenta na nufin abin da ke ɓoye a ciki, shi ya sa masu nahawu ke kiran wakilin suna da ita. Ni, kai, shi. Ba a musayar su.

A 8:7 na tarar da wani abu da ya sa na ajiye alƙalami. Tsofaffin kwafen Sabon Alkawari da aka rubuta da hannu, irin na Sina'i da na Batikan, ba suneidesis suka fara da ita ba a ayar, sunetheia suka ce, wato sabo. Waɗansu, saboda sabonsu da gunki har yanzu, suna cin naman a matsayin hadayar gunki, lamirinsu kuma da yake mai rauni ne sai ya ƙazantu. Kwafe na baya sun sa lamiri a wuraren biyu, kalmomin sun yi kama, ba wuya mai kwafa ya zame. Sabo. Bakin da ya gyara wa yaro kalma ba tare da ya nemi izinin mai shi ba. Bulus ya san irin mutanen nan, ya zauna da su wata goma sha takwas, ya kuma buɗe ayar da cewa ba kowa ke da wannan sanin ba. Bai ce a zaunar da su a yi musu darasi har su samu ba. Na bincika surorin uku ina neman inda ya umarci masu sani su gyara lamirin masu rauni, ban samu ba. Duk faɗan da ya yi, masu sani ya yi wa.

Akwai kuma abin da na haɗe wanda Bulus ya rarrabe. Wurare uku yake magana a kai, ni na mai da su ɗaya. Akwai kasuwa, can ka saya ka ci. Akwai gidan wanda ba mai bi ba, in ya gayyace ka, ka ci abin da aka sa a gabanka, sai fa in wani ya ce maka wannan hierothuton ne. Malamina ya nuna mini daɗin wannan kalma: eidolothuton, yankan gunki, kalmar Yahudawa da Kiristoci ce, mai bautar gumaka ba zai kira abin bautarsa gunki ba, yankan tsarki zai ce, kuma ita Bulus ya sa a bakin mai maganar a aya ta 28. Sai wuri na uku, cikin haikalin kansa. Haikalin wancan zamani har da ɗakunan cin abinci, a Koranti an tono guda uku a gefen haikalin Askilifiyos, allahn warkarwarsu, da gadajen dutse da ake kishingiɗa a kai. A Masar an samu takardun gayyata na ganyen fafirus, ana kiran mutum cin abinci a shimfiɗar ubangiji Sarafis, wani allahnsu, a sa'a ta tara, wato wajen ƙarfe uku na rana. Bikin aure, murnar haihuwa, taron abokan sana'a, duk a can ake yi. Game da wannan wurin Bulus bai sassauta ba ko kaɗan: a 10:21 ya ce ba ku iya cin abinci a teburin Ubangiji da teburin aljanu. Ni na ba Kawu ayar kasuwa ba tare da shingenta ba, shi kuma ya ɗauke ta ya shiga da ita haikali. Me zai hana? Ɗansa mai karatu ne ya ba shi.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne 8:10. Sura ta 8 ta buɗe da cewa sani yana kumbura mutum, ƙauna kuwa tana ginawa. Kalmar kumburan, fusioi, danginta ɗaya da sunan zugazugin maƙeri a Helenanci, iska ce kawai ake hurawa. Sau 7 ta fito a Sabon Alkawari, 6 a wannan wasiƙa, ka san Korantiyawa sun sha iska. Ginawa kuwa oikodomeo ce, gina gida. To a aya ta 10 Bulus ya ce, in mai rauni ya gan ka, kai mai sani, kana kishingiɗe a haikalin gunki, ashe lamirinsa ba zai ginu ba har ya ci yankan gumaka? Fassarori da yawa sun sa ƙarfafa ko zuga a wurin, amma a Helenanci kalmar ginin ce dai, ya maimaita ta da gatse. Wato ga irin ginin da kuke yi. Haka ni ma na tashi daga kwanon nan ina cewa na gina Kawu. Aya ta gaba ta ce mai raunin yana hallaka ta wurin saninka, ɗan'uwan da Almasihu ya mutu dominsa.

Sai aya ta 12, tuptontes. Na san kalmar tun ajin farko, amma ban taɓa tsayawa a kanta a nan ba. Ba ɓata rai take nufi ba, duka ne, da hannu ko da sanda. Ita ce a Ayyukan Manzanni 18:17, inda aka kama Sastanisu aka yi ta dukansa a gaban kotun Galiyo, a Korantin nan dai. Ita ce a Matiyu 27:30, inda sojoji suka karɓi sandar suna bugun Yesu da ita a ka. Bulus ya ce kuna dukan lamirinsu mai rauni, ta haka kuma Almasihu kuke yi wa zunubi. Ina karantawa ina jin dariyar samarin nan biyu. A gaban baƙi, a gaban surukarsa, na ɗaga littafin da ya biya kuɗin koyonsa na rafka masa.

Na mayar wa malamina takardar. Ya karanta, ya ce, “Esthiete ɗin da ka ce umarni ne, siffarta ta umarni ce, ba ka yi kuskure ba. In baƙo ya yi sallama ka ce masa shigo, ita ma umarni ce. Ka taɓa jin an jawo baƙo da igiya?” Sannan ya ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma nawa bai tsaya a wuyana ba, wuyan wani na sa wa.

Na koma gida na durƙusa a gaban Kawu, na nemi gafara. Na kira samarin nan biyu su ma su ji, tunda a gabansu na yi. Kawu ya ce, “Tashi, ɗana, ai ba da mugunta ka yi ba.” Ya yafe mini nan take. Kansa ne ya kasa yafe wa. Na so in sake buɗe littafi in nuna masa ayoyin gafara da Helenanci, maiɗakina ta riƙe mini hannu a ƙofa ta ce, “Maigida, bar littafin nan a ɗaki.” Na bari. Abin da na yi shi ne kowace asuba, muddin ina gida, nakan je in zauna a bakin ƙofarsa in yi addu'a da ƙarfi kamar yadda yake yi mana muna yara. Makonni bai ce uffan ba. Wata rana na ji amin daga ciki, ƙasa-ƙasa. Faston cocinmu, wanda shi ma dattijo ne, ya yi ta zuwa suna zama su biyu, ban san me suke faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Sai da aka yi wata goma sha ɗaya kafin Kawu ya sake miƙa hannu ya karɓi gurasa da ƙoƙo.

Ni kuwa na kama 8:13, inda Bulus ya ce in abinci zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ba zai ƙara cin nama ba har abada. A nan ma bai ce yankan gunki ba, krea ya ce, nama kawai, kowane iri, ya kuma jera kalmomin ƙi biyu a gaba don ya ƙulle maganar. Sai na daina cin nama a gaban Kawu gaba ɗaya. In ya ture, in ture. Na yi kusan shekara biyu a haka, ina kuma ɗan jin daɗin kaina, in faɗi gaskiya, don zugazugi ba ya rasa abin hurawa. Wata rana aka kawo nama da ba a san asalinsa ba, na ture, sai Kawu ya sa cokalinsa ya turo mini shi gabana.

“Ci abinka. Ni ne ba na ci, ba kai ba.”

“Kawu, ai saboda kai ne.”

“Na sani. Ganin ka kana ci bai taɓa damuna ba, tun kana yaro kake cinye rabona. Sa ni da ka yi ne ya dame ni. In ka ƙi ci saboda ni, ka mai da ni sarki a kan cikinka, ni kuwa ban nema ba.”

Na ci. Daga baya na tuna ragowar aya ta 29, inda Bulus, bayan ya gama cewa lamirin ɗayan ne, ya juya ya tambaya don me za a hukunta 'yancinsa da lamirin wani, da kuma Romawa 14:3, mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Rabin farko na karya, rabi na biyu kuwa Kawu ya daɗe yana kiyaye shi tun kafin in san alfa.

Yanzu ya haura shekara tamanin, haƙoransa ma ba su da yawa, amma in an dafa naman ya yi laushi yana so. Har yau in aka ajiye kwano yakan ɗaga kai ya ce daga ina. In maiɗakina ta sani ta faɗa masa. In ba ta sani ba, ni nake sa takalmi in fita in tambayo.